Garwashi Cikin Toka

Da asuba nake tashi a Aboabo,
tun ladan bai gyara murya ba.
In ɗora tukunyar wake da shinkafa,
in jefa karan dawa don ta yi ja,
in ɗauko jarka biyu daga famfo zuwa rumfa.
Duk da haka yaron torotoro ya ƙare mini kallo
ya ce, "Hajiya, kuɗin kujera biyu."
Na ba shi.
Har muka sauka Kejetia ina tsuke ciki,
sai ka ce hakan zai rage mini faɗi.

Adiza ƙanwata, ciki ɗaya muka fito.
Malmala uku take ci ta tuwon zafi,
ta bi da ƙosai, ta siɗe kwano,
ta miƙe kamar tsinken tsire da aka zare wa nama.
Ni kuwa ko ƙamshin miya na shaƙa
sai ɗinkin rigata ya fara kuka.
Yara suna kirana obolo a lungu.
Manya ba sa kira, ido suke aikowa.

Ran da gwiwa ta kai ni asibiti
wata nas, Sista Boakyewaa, ta ɗora ni a sikeli.
Allurar ta yi tafiya mai nisa.
Ba ta yi dariya ba.
Ta ce, "Kina sayen gawayi?"
Na ce, kullum ta Allah.
Ta ce, "To kin san wani murhun duk ƙofa ne,
iska ta ko'ina, buhu ba ya kai mako.
Wani kuwa sai ya lulluɓe garwashi da toka
ya kai shi har gobe.
Jiki ma haka.
Ko kina barci wutar tana ci:
zuciya ta ɗiba, huhu ya ɗiba,
ƙwaƙwalwa ta ɗebi nata ba godiya.
Abin da ya saura ake kaiwa rumbu,
kuma ba kowa ya zaɓi mai tsaron rumbunsa ba."

Na tuna wata huɗun da na hora cikina.
Ruwan zafi da lemun tsami,
da shayin da mai lasifika ya sayar mini sidi hamsin.
Na rame kuwa, awarwaro ya zame har gwiwar hannu.
Ashe jikin ya ɗauka fari ne ya sauka.
Ya rage wuta, ya sa ni jin sanyi da rana tsaka,
ya riƙa tashina da dare da mafarkin soyayyar doya.
Da na koma cin abinci
ya karɓi bashinsa, har da na wahalar jira.

Inna ta sha ba mu labarin tamanin da uku,
shekarar da wuta ta cinye gonakin koko,
ana layin dokunu tun bai dahu ba,
ƙashin wuyan mata kamar sarƙa.
Ina cikinta a lokacin.
Adiza kuwa sai da masara ta dawo kasuwa.
Ban sani ba ko can na koyi ɓoyo,
tun ban san sunan yunwa ba.
Ban da tabbas. Amma tun da na yi wannan tunani
na daina zagin cinyata a gaban madubi.

Yanzu na rage ludayin mai,
na rabu da lemun kwalba, ban da ranar suna.
Bayan la'asar ina takawa har Asawase in dawo,
gwiwa tana mita, ina ba ta haƙuri.
Sikeli ya ɗan sassauta, kaɗan dai,
kamar mai kanti da ba ya son ragi.

Jiya Adiza ta aiko a ɗebo mata wuta,
tata ta mutu tun tsakar dare.
Na tona tokata da bakin cokali.
Yana nan, ja wur.
Na zuba wa yaron a murfin gwangwani
na ce ya tafi a hankali, akwai iska.